Ɓawon Tat Mai Zaƙi: Wane Kwaɓi Ne Zai Jure Zafin Kicin Ɗinki?

Tat gashi ne mai buɗaɗɗen sama: siririn ɓawo na fulawa da bota a ƙasa da gefe, sai a cika cikinsa da kastad, ko 'ya'yan itatuwa, ko cakulan. Faransawa ne suka fi shahara da shi, su ne kuma suka raba kwaɓin ɓawon gida-gida, kowanne da sunansa. Kayan haɗin kusan ɗaya ne: fulawa, bota, sukari, gishiri, sai ƙwai ko ruwa. Bambancin yana cikin yanayin da bota take lokacin da ta haɗu da fulawa, wato daskararriya ce, mai laushi ce, ko narkakkiya, da kuma yawan ruwan da ya shiga.

Dalilin da ya sa wannan ya zama abin dubawa shi ne gulutin, sinadarin nan na alkama da ke sa kwaɓin burodi ya riƙa miƙewa kamar danƙo. Ba ya tashi sai fulawa ta sha ruwa an kuma murza ta. A burodi da fanke shi ake nema. A ɓawon tat kuwa shi ake gudu, domin shi ne ke sa ɓawo ya yi tauri, ya kuma tsuke a cikin wuta. Maiƙo yana lulluɓe fulawa ya hana ta shan ruwa, sukari kuma yana janye ruwan zuwa kansa. Kowane kwaɓi a cikin waɗannan dabara ce ta danne gulutin.

Sai dai an tsara girke-girken nan ne a ƙasar da kicin yake zama a digiri 18 zuwa 20. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, kuma duk wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ya san rana tana haura digiri 40. Don haka uwargida, tambayar ba ta tsaya kan wanne ya fi daɗi ba. Akwai ta biyu: wanne ne zai yarda a sarrafa shi a wannan zafi, da wutar lantarkin da ba ta da tabbas?

Kwaɓin bugu

Faransawa suna ce masa sukure, wato mai sukari. Shi ne ɓawon da ake gani a ƙarƙashin tat ɗin lemun tsami da na 'ya'yan itatuwa a shagunan kayan zaƙi, a Faris ko a Yamai: gefensa a miƙe, launinsa ruwan zuma, idan an sa wuƙa ya yanku tsaf kamar biskit.

Ma'auninsa: fulawa giram 250, bota mai laushi giram 140, sukarin aisin giram 90, garin almon (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa) giram 30, ƙwai ɗaya, da gishiri kwatan ƙaramin cokali. Wannan ya isa faranti biyu masu faɗin santimita 20, ko ɗaya mai 24 har a sami ragowa, ko ƙanana goma sha biyu masu faɗin santimita 8. Almon yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Garin aya da aka niƙa aka tankaɗe yana maye gurbinsa sosai, har da ɗan zaƙinsa. Idan babu ko ɗaya, a ƙara fulawa giram 20 a wuce wurin.

Botar ta yi laushi kamar man shafawa: yatsa ya shiga ba tare da wahala ba, amma kada ta fara ƙyalli. Da zarar ta fara ƙyalli ta soma narkewa ke nan, a mayar da ita firij na ɗan lokaci. A haɗa ta da sukari da gishiri a juya da cokalin katako har su zama ɗaya. A nan masu kek suke yin kuskure, domin hannunsu ya saba da buga bota har ta yi fari ta kumbura. Iskar da ake so a kek ita ce ke sa ɓawon tat ya kumbura a wuta sannan ya faɗi ya karkace. Minti ɗaya ko biyu ya wadatar. Sai a fasa ƙwai a kaɗa, a zuba kaɗan-kaɗan. Idan daga firij ƙwan ya fito, botar za ta tsinke ta yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya barke. Cokali ɗaya na fulawa yana haɗe ta. A ƙarshe a juye fulawa da garin almon gaba ɗaya, a juya har a daina ganin busasshen gari. A juye a kan tebur, a tura shi gaba da tudun tafin hannu sau biyu ko uku don ya haɗe, a tsaya a nan.

Girke-girken Turai za su ce a dunƙule shi a sa a firij awa biyu, a fito da shi a murza. A zafinmu wannan shi ne wurin da ake shan wahala. Dunƙulen yana fitowa da tauri kamar dutse, gefensa yana tsagewa idan an danna, kafin tsakiya ta yi laushi kuma gefe ya riga ya narke yana manne wa tebur. Sai a yi ta barbaɗa fulawa, ma'auni ya ɓaci, ɓawo ya yi tauri.

Hanyar da ta fi ita ce a murza shi tun yana da laushi, da gama kwaɓawa. A shimfiɗa takardar gashi, a ɗora kwaɓin, a rufe da wata takardar, a murza daga tsakiya zuwa waje har kaurinsa ya zama milimita 3. Wadda ba ta da takarda ta yanka sabuwar farar leda mai kauri ta yi amfani da ita wajen murzawa kawai, ba wajen gashi ba. A ɗora shi haka a kan tire a sa a firiza minti 30, ko a firij awa biyu. Zai fito kamar allo. A kifa farantin gashi a kai a yanke da'irar da za ta zauna a ƙasa, sannan a yanka dogayen tsiri masu faɗin santimita biyu da rabi don gefe. A jera tsirin a jikin farantin, a sa da'irar, a danne mahaɗarsu da yatsa. Duk lokacin da ya fara laushi a mayar da tiren cikin sanyi na minti goma. Da haka hannu ba ya daɗe a jikin kwaɓin, kuma ba a ƙara masa fulawa ko ƙwaya.

Ƙarfinsa shi ne ya fi kowanne riƙe siffa, ya fi jure danshi, kuma yana yarda a yi masa faci: idan ya yage, a ɗebo ɗan guntu a liƙe, ba za a gane ba bayan gashi. Rauninsa ɗaya ne, ba ya yiwuwa sai da sanyi.

Kwaɓin yashi

Sunansa na Faransanci sabile, daga kalmarsu ta yashi. Wadda ta iya kwaɓin mitfai ta san farkonsa: a yanka bota mai sanyi ƙanana a cikin fulawa, a murtsuke da kan yatsu har ya koma kamar jiƙaƙƙen rairayi, babu sauran gudajin bota. Fulawa giram 250, bota giram 150, sukari giram 80, gwaiduwar ƙwai biyu, ɗan gishiri. Bayan an murtsuke sai a zuba sukari, sannan gwaiduwa, a tattara. Idan ya ƙi haɗuwa a ƙara madara ƙaramin cokali ɗaya, ba fiye ba.

Tunda kowace ƙwayar fulawa ta sha maiƙo kafin ta ga ruwa, gulutin ba ya samun kafa. Sakamakon shi ne ɓawo mai rugurgujewa a baki, irin yadda gireba mai kyau take yi. A ɗanɗano, a ganina, babu kamarsa. Amma abin da ya sa shi daɗi shi ne ya sa shi rauni. Babban tat da aka yi da shi yakan karye wajen cirewa daga faranti, idan an yanka kuma gefen ya zube. Ya fi dacewa da ƙananan tat da za a ci a loma biyu ko uku.

Zafin tafin hannu shi ne abokin gabarsa. Idan fulawar ta fara yin duhu tana manne wa yatsu tana maiƙo, botar ta narke, kuma ɓawon zai tsatso da mai a cikin wuta. A daskarar da botar a firiza a goge ta da magogin kuɓewa kai tsaye cikin fulawar, hakan yana rage aikin hannu sosai.

Kwaɓin ruwan sanyi

Wannan shi ne wanda Faransawa suke ce wa birize. Fulawa giram 250, bota mai sanyi giram 125, sukari babban cokali ɗaya da rabi, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ruwan ƙanƙara kamar mililita 60. Ba a murtsuke botar duka, ana barin gudaji kamar ƙwayar wake. A cikin wuta ruwan da ke jikin gudajin yana zama tururi ya ɗaga kwaɓin, shi ya sa ɓawon yake fitowa falle-falle. Zaƙinsa kaɗan ne, don haka shi ake sa wa tat ɗin da za a gasa tare da 'ya'yan itatuwa masu zaƙi sosai, kamar tat Tatan, wanda ake dafa tuffa a ƙonannen sukari a rufe da kwaɓi a gasa sannan a kifar. Abarba da ayaba suna yin kyau ta wannan hanya.

Shi ne mafi wuya a lokacin bazara. Duk sirrinsa a daskararriyar bota yake, ruwan da ke cikinsa kuma ya sa ya fi kowanne tsukewa. A bar shi sai hunturu, Disamba ko Janairu, a kwaɓa da sassafe.

Kwaɓin dannawa

Wannan ba ya cikin ukun da makarantun girki na Faransa suka fi koyarwa, amma shi ne wanda zafi bai dame shi ba, domin da narkakkiyar bota ake yin sa. Fulawa giram 190, sukari giram 60, gishiri kaɗan, narkakkiyar bota giram 130. Babu ƙwai, babu murzawa, babu firij. A juya da cokali, zai yi kamar tunkuza kafin a matse mai. A raba uku: kashi ɗaya a gefe, biyu a ƙasa. A fara da gefe, a danna shi da yatsu ya hau jikin farantin, sannan a baje sauran a ƙasa a daddanne da gindin kofin gilashi. A kula da kusurwa, nan ne kwaɓi yake taruwa ya yi kauri, ya fito ɗanye alhali sauran ya gasu. A gasa a digiri 170 na minti 25 zuwa 30. Idan tsakiyar ta kumbura, a danne ta da bayan cokali tun yana da zafi.

Ba ya tsukewa sosai, tunda ruwan cikinsa ɗan wanda ke jikin bota ne kawai. Amma ya fi na bugu kauri da maiƙo, gefensa ba ya fita sumul, kuma danshi yana saurin kama shi.

Shi ne kuma kaɗai wanda soyayyen man shanu yake shiga ba tare da matsala ba. Man da aka soya ya rabu da ruwansa, kusan zallar mai ne, don haka a rage zuwa giram 110 a ƙara madara babban cokali ɗaya. Sai dai a tabbata ba wanda aka soya da albasa ba ne, kuma ƙamshinsa yana da ƙarfi: yana tafiya da dabino da kwakwa, yana faɗa da lemun tsami.

Akwai kuma na dakakken biskit, giram 250 da narkakkiyar bota giram 100, a danna a faranti a sa a firij. Ya yi wa abin da za a ci da sanyi, yana fita daga firij kuma ya fara wargajewa.

To wanne?

Abin da za a zuba a ciki shi ne ke yanke rabin hukunci. Kastad da mangwaro, ko sitiroberin Jos, ko cikin lemun tsami, ko cakulan: na bugu. Ƙananan tat na cin gida ko na baƙi da za a ci a ranar: na yashi. 'Ya'yan itatuwan da za a gasa: na ruwan sanyi. Sauran rabin kuma wutar lantarki ce. Idan firij ba ya samun wuta awa uku a jere, kada a wahalar da kai, a yi na dannawa. Ana iya ceton na bugu da kula mai ƙanƙara, a naɗe tiren a leda a ɗora a kan ƙanƙarar, amma ruwa kada ya taɓa shi. Mai yin na sayarwa kuwa ba ta da zaɓi sai na bugu, domin shi kaɗai zai shiga kwali ya hau babur ya isa hannun mai saye bai karye ba.

Bota, fulawa da sukari

A bakinmu duk abin da ake shafa wa burodi bota ne, amma iri uku ne. Akwai ta gaskiya wadda aka yi da madarar shanu, maiƙonta kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari. Akwai majarin na gashi irin Simas, wanda masu kek suka saba da shi. Akwai kuma mai laushi ta cikin roba da ake shafa wa burodi. A duba jikin mazubin. Idan maiƙon bai kai kusan kashi 80 ba, ragowar yawanci ruwa ne, kuma ruwan nan zai tayar da gulutin, ɓawo ya tsuke ya yi tauri. Ta cikin roba ba ta dace da ko ɗaya daga kwaɓin nan ba.

Majarin na gashi ya fi bota jure zafi, don haka ya fi sauƙin murzawa, ga araha. Abin da ake rasawa shi ne ƙamshi, sannan yana barin wani maiƙo a ganɗa saboda ba ya narkewa sarai a zafin baki. Rabi da rabi sulhu ne mai kyau a kwaɓin bugu da na yashi. Yawancin majarin yana da gishiri, sai a cire na cikin ma'auni.

Fulawar da ake aunawa a kasuwa galibi daga buhun masu gidan burodi take, mai ƙarfi ce. A cire giram 35 daga cikin 250 a maye da sitacin masara, wanda ake kira konfulawa. Kada a sa bakar hoda, ba a so ɓawon ya tashi. Sukari mai manyan ƙwayoyi ba ya narkewa a kwaɓin da ruwansa kaɗan ne, sai ya bar ɗige-ɗige masu duhu a jikin ɓawo. Idan babu na aisin, a niƙa na gida a bilanda a tankaɗe. Kuma a auna da sikeli. Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120, yana iya zama 150, ya danganta da yadda aka ɗebo, kuma wannan tazarar ta isa ta mayar da kwaɓi mai kyau busasshe.

Gashi

Bayan an shimfiɗa kwaɓin a faranti a soka ƙasan da cokali mai yatsu, a mayar cikin sanyi minti 30, ban da na dannawa. Wannan hutun shi ne maganin tsukewa. Wani abin da ke jawo ta shi ne jan kwaɓi don ya kai bakin faranti. Abin da aka ja, wuta za ta mayar da shi inda ya fito. A ɗaga shi a sauke cikin kusurwa, kada a miƙar.

A shimfiɗa takardar gashi a ciki, a cika da ɗanyen wake ko shinkafa har baki, domin nauyin ne ke tallafe gefe kafin ya ƙame. Waken ba zai ƙara dafuwa ba, a adana shi a kwalba don gaba. Na bugu da na yashi suna son digiri 165 zuwa 170, saboda sukarinsu yana saurin ƙonewa: minti 15 zuwa 20 da wake, a kwashe, a ƙara minti 10 zuwa 15. Na ruwan sanyi yana son wuta mai ƙarfi, 190 zuwa 200, don tururi ya ɗaga shi kafin botar ta zube. Idan cikin tat ɗin ma zai shiga wuta, a tsaya da zarar ƙasan ya bushe ya daina ƙyalli. Idan kastad ne mai sanyi za a zuba, a gasa sarai har tsakiya ta yi ruwan zuma. Farin ɓawo ɗanɗanon ɗanyar fulawa yake yi, kuma shi ne ke fara jiƙewa.

Obin na gas da wutarsa ke ƙasa yana ƙona gindi ya bar gefe fari. A sa farantin a matakin tsakiya, a ajiye wani tire fanko a ƙarƙashinsa. Lambobin da ke jikin makunnin ba abin dogaro ba ne, ƙaramin ma'aunin zafi na cikin obin ya fi su gaskiya. Mai gashi a tukunya da yashi ta zaɓi ƙananan faranti, ta bar yashin ya yi zafi minti 15 da murfi a rufe, ta ɗora su a kan wani abu da zai ɗaga su daga yashin, ta kuma sa ɗan garwashi a kan murfi don saman ya yi launi. Kwaɓin bugu da na dannawa suna yi a tukunya. Na ruwan sanyi ba ya samun zafin da yake buƙata.

Don kada kastad ya jiƙa ɓawo, a kaɗa gwaiduwa ɗaya da madara ƙaramin cokali, a shafa a ciki bayan an kwashe waken, a mayar wuta minti biyar. Ko kuma idan ya huce a shafa masa narkakken cakulan siriri a bari ya ƙame. Kada a cire shi daga faranti da zafi, a lokacin yana da laushi, sai ya huce yake ƙarfi.

Ɗanyen kwaɓi yana kwana uku a firij, wata ɗaya a firizar da wuta ba ta yanke mata. Gasasshen ɓawo da ba a cika ba yana kwana huɗu ko biyar a roba mai murfi lokacin rani. Da damina danshin iska yana sa shi laushi cikin kwana ɗaya, amma minti biyar a wuta digiri 160 yana dawo da shi. A zuba kastad a ranar da za a ci, kuma tunda madara ce da ƙwai, kada tat ɗin ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan ana tsananin zafi.